Filtar da Dawuda Ya Kwance

Akwai wani bakanike a Garuwa mai suna Dawuda. Shekara talatin yana kwance a ƙarƙashin motoci, har ta kai ko tari mota ta yi ya san abin da ta sha.

Lokacin da tsaro ya taɓarɓare a bakin iyaka, wani kamfani ya samu kwangilar haɗa motar daji, wadda sojoji za su yi doguwar tafiya da ita ba tare da tsayawa neman mai ba. Aka ɗauko injiniya daga Yawunde, Édouard, mai tarin takardu da kunnen ƙashi. Dawuda ne babban bakanikensa. Direban gwaji kuwa Gaston ne, mutumin Mokolo, aminin Dawuda na shekara ashirin.

Wata rana Gaston ya tafi gida ganin iyali, sai Édouard ya leƙa injin, ya ga an ƙara wata filta mai tace ruwa da datti daga mai.

"Wa ya sa wannan? Babu ita a zanena."

Dawuda ya ce, "Ni ne, Patron. Saboda zuwa-zuwa, man kwalba na bakin hanya. Rabinsa ruwa ne, injin nan kuwa ba ya son ƙazanta."

Édouard ya yi dariya. "Papa, tanki biyu gare ta. Me zai kai ta shan man kwalba?"

"A daji ba a hana mai, Patron. In suka tarar da 'yan'uwa sun maƙale, sai sun zuƙa musu. Daga nan duk abin da suka samu shi za su zuba."

"Ni lissafi na karanta, ba tatsuniya ba. Kwance ta, ka koma ga facin taya da ka iya."

A gaban kowa ya faɗa, ma'aikata suna ƙumshe dariya. Zuciya ta ɗebi Dawuda. Ya kwance filtar da hannunsa, ya tattara sifanunsa, ya bar aikin. Yana tafe yana cewa a ransa, "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Sau biyu Gaston yana kiransa a waya bai ɗaga ba, don duk abin da ya shafi motar haushi yake ba shi. Jira kawai yake ya ji Édouard ya sha kunya.

Aka fita gwaji, Gaston da sojoji huɗu. Bayan Mokolo suka iske motar asibiti ta tsaya ba mai, da mace mai naƙuda a ciki. Suka zuƙa wa motar mai daga tankinsu, suka kuma zuƙa wa wata motar sojoji a gaba. Da tanki ya yi ƙasa, Gaston ya sayi zuwa-zuwa hankalinsa kwance, don da idonsa ya ga ranar da aka ɗaura filtar.

Tsakar rana, a hanyar Kolofata, injin ya shaƙe ya mutu a inda ba a tsayawa. 'Yan bindiga suka fito daga cikin dawa. Sojoji biyu suka tsira da raunuka. Sauran biyun da Gaston ba su tsira ba.

Aka soke kwangilar, Édouard ya koma Yawunde ba sallama. Kunyar da Dawuda ke jira ta zo, amma ba ta yi masa daɗi ba.

Ya hau mota zuwa Mokolo gaisuwa. Matar Gaston, Albertine, ta riƙe hannunsa biyu tana hawaye.

"Sannu da zuwa, Baba Dawuda. Ranar da zai tafi na ji tsoro, sai ya ce kada in damu, motar da hannun Dawuda ya taɓa ba ta barin mutum a daji."

Dawuda ya sunkuyar da kai, ya tuna kira biyun da bai ɗaga ba.

Darasi: Girman kai yana toshe kunnen mai ilimi, fushi kuma yana kulle bakin mai gaskiya, sai wanda bai ji ba bai gani ba ya biya da ransa. Ko an wulaƙanta ka, kada ka yi shiru a kan abin da zai cutar da wani. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana da kiran da ya kamata ya ɗaga yau.