Miyar Taushen Iya Kande

An yi wani bawan Allah a wani gari, Malam Barau maɗinki. Ranar da nake ba ku labari yana kwance a asibiti, bai san inda kansa yake ba. Ɗansa Hashimu kuwa yana bakin ƙofa, yana nuna wata tsohuwa da yatsa.

"Me kika zuba masa a miya?"

"Kabewa ce da gyaɗa, ɗan nan. Wallahi taushe ne kawai."

"Taushe ne ya kumbura masa fuska? Taushe ne ya riƙe masa ƙirji?"

Iya Kande ce, maƙwabciyarsu. Ba miji, ba ɗa. Malam ke ɗinka mata kaya kyauta, ita kuma ta kawo masa tuwo don godiya. Kafin la'asar unguwa ta yanke hukunci: guba ce.

To, ku saurara. Jikin Malam ba ya karɓar gyaɗa tun yana yaro. Ga shi bara likitoci sun sa masa ɗan bututun waya a jijiyar zuciya don jini ya riƙa wucewa. Da jikin ya yi bori, jijiyar ta tsuke, jini ya daskare cikin bututun. Da ƙyar aka buɗe ta.

Da Malam ya farfaɗo bai nemi ruwa ba. Kukan tsohuwar ya jiyo, ya ce a shigo da ita.

"Baba, ita ce fa ta—"

"Rufe bakinka, Hashimu. Ban taɓa gaya mata ba. Na ji ƙamshin gyaɗar sarai. Tana tsaye tana murna, na ji kunyar mayar mata da kwano, sai na ci. Laifina ne. Iya, ki yafe mana."

Numfashi na yi masa wuya, amma bai yi shiru ba sai da ya sa Hashimu ya durƙusa, ya kuma aike shi masallacin unguwa ya faɗi gaskiya a gaban kowa.

Jama'a, abu biyu ne. Abin da jikinka ba ya so, faɗe shi. Kunya ba ta narkar da gudan jini. Kuma kada ka ɗora wa marar gata laifi don ba ta da mai tsaya mata.

Shi Malam Barau ya farka, ya wanke ta. Da bai farka ba fa, a cikinku nan wa zai ce ba guba ba ce?