Manomin da Ya Sa wa Motarsa Manyan Tayoyi

An yi wani manomi mai tsohuwar a-kori-kura. Da damina ta kama, ya cire tayoyinta ya sa manya saboda taɓo. Bai sani ba, babbar taya ta fi cin ƙasa a kowane juyi, maleji kuwa, wato agogon da ke nuna gudu, yana nan da lissafin ƙaramar taya.

Wata safiya ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa a baya, maƙwabcinsa tsohon direba yana gaba, za su kasuwa. A hanyar akwai siririyar gada bayan wata kwana ta titi, wadda mai gudu ba ya tsallake ta lafiya.

Matar ta buga rufin mota. "Maigida, ka rage! Yara suna baya!"

Ya ce, "Sittin nake yi. Ke ce direba ko ni?"

Tsohon ya kwance agogon hannunsa. "Ɗana, ga duwatsun kilomita a bakin titi. In sittin ne, daga wannan zuwa wancan minti ɗaya cif."

Suka wuce dutse na biyu, minti bai cika ba. Na uku ma haka.

Manomin ya ce, "Baba, ai maleji ba ya ƙarya."

Tsohon ya ce, "Bai yi niyya ba. Kai ka sauya masa ƙafa."

Manomin ya ɗaga ƙafa daga totur, ya rage gudu. Suka shiga kwanar a hankali, suka haye gadar, ruwa yana ta ambaliya a ƙarƙashinsu. Washegari ya kai motar wurin makaniki a gyara malejin.

To, ku zauna daidai ku ji ma'anar. Malejin nan zuciyarka ce. Tana ce maka, "Ai kaɗan nake yi, ban kai su wane ba." Amma ƙaramar ƙarya da gulma da ka saba da su sun sauya mata lissafi, ba ka ma ji ba. Duwatsun bakin titi Maganar Allah ce. Ba kai ka kafa su ba, ba kuma za su matsa don kai ba.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san wannan: wanda aka tsawata masa ya rage gudu, zai isa gida da iyalinsa. Kada ku ji haushin mai buga muku rufi. Ubangiji yana gyara zuciya, kuma bai taɓa korar wanda ya kawo tasa ba. Ku kawo taku yau.