Hakama a Fadar Mai Tsaron Gizagizai

A birnin Kwargaba mai jar ganuwa da zurfafan rijiyoyi, an yi wata mace mai suna Hakama, jikar mahaƙan rijiya, wadda ta shekara ashirin tana auna duk ruwan saman da ya sauka a kaskonta, tana zana yawansa a bango. Ita ta gaya wa Sarki Tunau fari na tafe. Da farin ya zo, shekara uku ko ɗigo babu, sai gari ya ɗauka ita ta ɗaure ruwa.

Sarki ya dube ta a kaikaice ya ce, "Yaya aka yi kika sani? Je ki kwance abin da kika ɗaure, ko a binne ki da rai."

Ta keta sahara kwana arba'in, leɓɓanta a tsattsage, har ta isa fadar Zarhabu, sarkin aljannu mai tsaron gizagizai, dogo, baƙi wuluk, mai idanu jajur kamar garwashi.

Ya ce, "Ke ce mai leƙen asirin dukiyata da kasko? Ga hadari uku. Nuna mai ruwa ki tafi da shi. In kin kuskure, kin zama baiwata."

Hadarin suka taso baƙiƙƙirin, suna tsawa suna walƙiya. Amma saurin tayin bai kwanta wa Hakama ba. Ta shaƙi iska, ba ƙanshin ƙasa. Ta dubi tururuwa, ba su kwashe ƙwai ba. Kuma daga yamma hadarin suka taso, ba daga gabas ba.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, duk ukun ƙura ce."

Sai Zarhabu ya yi dariya har ginshiƙai suka girgiza, ya ce, "Ba wanda ya ɗaure ruwanku, lokacinsa ne bai yi ba. Amma akwai kogi kwance a ƙarƙashin tsohuwar kasuwarku. Ku haƙa rijiya mai zurfin gaba sittin."

Ta koma, aka haƙa, dogarai tsaye a kanta da takubba. A gaba na sittin ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai, sanyi ƙalau. Aka miƙa wa sarki ƙwarya, ya ƙi kai ta baki don bai yarda da ruwan ba, ya ce sai Hakama ta fara sha. Ta shanye tas, ta miƙa masa ƙwaryar ba kome. Ya sunkuyar da kai, ya ɗebo da hannunsa, kuma a ranar ya naɗa ta Magajiyar Rijiyoyi.

Allah Ya shayar da mu da rahamarSa.