Bawul ɗin Keken Tsoho Mode

Akwai wani mai faci a Wurno, sunansa Sa'adu, rumfarsa tana kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Ya iya aiki, wannan ba gardama. Amma abu ɗaya ne bakinsa ba ya iya furtawa ko za a yanka shi: "Ba ni da shi."

Sa'adu yana da 'yar fadama a bakin Rima. A ranar da nake ba ku labari, an shayar da fangalolinsa, wato gadajen shuka, masu dashe suna zaune suna jira. Yayarsa Kaltume da ke aure a Kwargaba ta yi masa alkawarin ragowar dashen tattasanta, kuma wannan shi ne na ƙarshe. Wanda ya san tattasai ya san in an cire shi, ba ya jiran kowa.

Da hantsi wani dattijo mai suna Mode ya turo tsohon keke, da jiƙaƙƙen buhu ɗaure a baya. Tayar baya tana sace iska ta bawul. Ya yi sallama, ya fara bayanin daga Kwargaba yake, aiko shi aka yi. Sa'adu ya katse shi, ya ce ba tarihi ya tambaye shi ba.

To, ku da ba ku sani ba, bawul iri-iri ne. Na tsohon keke siriri ne, 'yar allurar cikinsa tana sanye da roba, zobe ke riƙe ta. Ta babur kuwa murɗa ta ake yi, kuma bututun bawul ɗin keken nan ba shi da zaren da za ta kama. Sa'adu ya san haka sarai. Ya kuma san Lauwali da ke tsallaken titi yana da irin ta keke cike da gwangwani. Amma shi da Lauwali ba sa ga maciji, to ina zai tura masa mutum a gaban 'yan kabu-kabu?

Sai ya ɗauko ta babur, ya naɗe ta da leda, ya danna da filaya har bututun ya yi ƙara.

Mode ya ce, "Ɗana, wagga ba irin tata ba ce. Tana kai ni?"

Sa'adu ya ce, "Baba, mi ka sani ga bawul? Bawul bawul na. Hau ka ba mutane wuri."

'Yan kabu-kabu suka yi dariya. Tsoho ya hau ya tafi. Ni wallahi wannan dariyar ta fi komai ƙona mini rai, don a cikinsu babu wanda bai da uba.

Azahar ta wuce, masu dashe suka bugo waya cewa ba su ga komai ba, za su watse. Sa'adu ya kira Kaltume yana ta faɗa. Ta ce tun da safe ta ba maƙwabcinsu dashen ya kai fadamar, dattijo ne mai keke, don Allah ya ɗauka ba don a ba shi komai ba.

Sa'adu ya kashe wayar. Ya ari babur ya bi hanyar fadama.

Can ya tarar da Mode a gindin bagaruwa, ƙafafunsa duk ƙura. Ko rabin hanya bai kai ba ledar ta fita, bututun ya tsage, sauran tafiyar turawa ya yi cikin rana har gwiwarsa ta ƙi. Sa'adu ya kwance buhun. Ruwan ya bushe, zafi ya dafa dashen, ya yi laushi kamar rama a tukunya.

Sa'adu ya tambayi tsohon me ya hana shi faɗin wanda ya aiko shi.

Mode ya dube shi ya ce, "Na fara. Kac ce ba tarihi ka tambaye ni ba."

A wannan rani fangalolin Sa'adu ciyawa suka yi. Sabon tiyub ɗin da ya saka wa keken tsohon kuwa, da ƙafarsa ya tsallaka titi ya saya a wajen Lauwali, 'yan kabu-kabun nan suna kallo.

Darasi: In ba ka da abin da ya dace, ka ce ba ka da shi, ka nuna inda yake. Kuma ka bar babba ya gama maganarsa, don ba ka san kayan wa ya ɗauko ba. Ku tura wa duk mai sana'ar da girman kai ya fi ƙarfinsa.