Garin da Ma'aji Ya Ƙi Shukawa

An ce wai a wata shekarar fari, wani sarki ya buɗe rumbunansa domin mutanen Dutsen Marke, waɗanda kakanninsu suka riga birnin zama a ƙasar. Ma'aji ya ce, "Ranka ya daɗe, in an ba su dawa tsaba, jiƙa ta za su yi ta tsiro su dafa giya. A niƙa musu kafin a kai." Sarki ya yarda. Aka kafa doka: wanda ya sayar da garin tallafi, a cire gidansa daga rabo.

Wata biyar suna cin tuwon gari. Sai ruwa ya sauka.

Aka kama wani manomi, Nomau, ya sayar da buhunsa a kasuwa da rabin kuɗi. Aka kai shi gaban Alƙali Zubairu, sarki na zaune. Bakuna tara ne a gidan Nomau, kuma babu abin da ya rage musu sai rabon.

Alƙali ya ce, "Me ka saya?"

Nomau ya kwance bakin zani. Dawa ce, tiya biyu.

Ma'aji ya yi dariya. "Ga ta nan. Tukunyar giya kawai ta rage."

Nomau ya ce, "Iri ne, baba. Namu mun cinye tun bara."

Sai Alƙali ya sa aka kawo buhun gari da fartanya, aka ajiye gaban Ma'aji.

"Bayan fada akwai fili, ya sha ruwa. Je ka shuka wannan. Abin da ya fito, shi ne abincin gidanka bana."

"Allah gafarta Malam, gari ai ba ya tsirowa."

"Da bakinka ka faɗa. Gida nawa ka aika wa shi?"

Ma'aji ya kasa ɗaga kai. "Ɗari huɗu."

Sarki ya juya ga Nomau. "Su sauran, me suka shuka?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Sun yi huɗa, suna zaune suna kallonta. Sun ji tsoron doka."

An ce rawanin sarki ya zame, bai gyara ba.

Alƙali ya saki Nomau, ya yanke cewa a ba kowane gida tsabarsa, ya yi da ita yadda ya ga dama. A ranar jakuna suka hau dutse ɗauke da dawa. Kwana ashirin na damina sun riga sun wuce, gonaki da yawa ba su kai ga nuna ba.

Wanda ya ciyar da mutum amma ya ƙi yarda da hankalinsa, yunwar baɗi yake niƙa masa.