Kunyar Malam Bunu Duba-Gari

Akwai wani babban duba-gari a Kazaure mai suna Malam Bunu. Ya yi zamaninsa ne a shekarun da arzikin man fetur ya fara shigowa, kowa na rushe ginin ƙasa yana tayar da na siminti. Duk duba-garin da ke Roni, Gwiwa da Babura a ƙarƙashinsa suke.

In aka ji ƙarar babur ɗinsa, mata sai su ruga su wanke randa, mahauta su hau korar ƙuda. Ko goro ba ya karɓa. Ya taɓa kai ƙanin matarsa gaban alƙali a kan kwata.

Mutum ɗaya ne Malam Bunu ba ya iya haɗa ido da shi, wato Baba Kura, wani falken hatsi da dabbobi a Babura. Bunu maraya ne, a gidansa ya tashi. Matar falken, Inna Batulu, ita ce ta goya shi, shi kuwa Baba Kura ya sa shi makaranta har Kano.

Wata shekara Baba Kura ya sami buɗi, ya gina sabon gida. Magina suka haƙa masai mai zurfi a jikin katangar baya. A bayan katangar nan kuwa rijiyar unguwa take.

Da damina ta kankama, mai unguwa Na'Allah ya hau mota ya sami Malam Bunu a ofis.

"Ranka ya daɗe, ruwan rijiyarmu ya canja. In an jawo guga da safe, wani ɗoyi-ɗoyi yake tashi. Ni dai ban ce laifin kowa ba ne."

Ranar kasuwa Malam Bunu ya isa Babura. Ya jawo ruwan da kansa, ya zuba a kwalba, ya ɗaga ta a rana, ya sansana. Ya dubi katangar, ya dubi bakin rijiyar. Ya san aikinsa: a rufe rijiya, a cike masai.

Ya shiga zauren Baba Kura da niyyar faɗa. Sai ya tarar da zauren cike da baƙi, fatake daga Nijar, ana ta yaba gida.

"Ga ɗana nan!" in ji Baba Kura, fuskarsa cike da fara'a. "Babban duba-garin ƙasar nan kaf. Bunu, duba mini da idon aikinka, akwai wani aibi a gidan nan?"

Malam Bunu ya dubi baƙin, ya dubi furfurar tsohon. Ya sunkuyar da kai.

"Babu aibi, Baba. Allah Ya sa an shiga a sa'a."

A ransa ya ce zai dawo in damina ta ja baya, su yi maganar su biyu. Da Na'Allah ya tare shi a waje, sai ya ce masa, "Laka ce ta damina. Zai washe."

Ba a daɗe ba, Malam Bunu yana mayankar Roni labari ya same shi cewa cutar amai da gudawa ta ɓarke a Babura, kuma a unguwa ɗaya ta fi ƙarfi. Bai tambayi wace unguwa ba.

Kafin ya isa, an mayar da firamare asibiti. Ga marasa lafiya kwance a tabarmi, an rataya robobin ƙarin ruwa a rassan dalbejiya. Makara na fita, wata na dawowa. Na'Allah na zaune a gindin bango, ya dawo daga binne jikokinsa. Ya ga Malam Bunu, ya kau da kai.

A ƙarshen baranda ya sami Inna Batulu. Idanunta sun faɗa, fatar hannunta ta yamutse. Amma ta gane shi.

"Bunu, ka zo?" Muryarta da ƙyar take fita. "Kada ka sha ruwan unguwar nan, ɗana. Ina jin ruwan ne."

Kafin la'asar, Allah Ya yi mata cikawa.

A ranar Malam Bunu ya sa aka rufe rijiyar, aka cike masan. Bayan an watse daga zaman makoki, Baba Kura ya kira shi cikin zaure.

"Na'Allah ya ce tun farkon damina ka duba rijiyar nan. Ka san abin da ke ciki?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kunyarka na ji."

Sai tsohon ya ce:

"Rami ne fa, Bunu. Da ka faɗa, da ni da kaina zan ɗauki shebur. Don me na kai ka makaranta, in ba don ka ga abin da ba na gani ba? Tashi ka tafi. Ban tsine maka ba, amma ba zan iya kallonka ba."

Babu wanda ya kai shi ƙara. Har ƙarin girma aka yi masa, aka ce ya yi ƙoƙari wajen kashe annobar. Amma tun daga ranar Malam Bunu bai sake zama daidai ba.

Ya san matattu ba sa dawowa. Duk da haka, in ya leƙa rijiya, sai ya ga kamar idanun nan da suka faɗa suna kallonsa daga ƙasa. In ya kai kofi baki, sai ya ji ɗoyin nan, ko da ruwan famfo ne. Wani lokaci yana tafe a babur da tsakar rana tsakanin duwatsun Kazaure, sai ya ji an ce "ka zo?" a bayansa. Ya tsaya ya waiga, babu kowa. Ya rame, ya daina dariya. Baba Kura ya rasu ba su sake zama a zaure ɗaya ba.

Bayan shekaru, a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa, ya sami rijiya mai irin wancan warin, kusa da masan gidan dagaci. Dagacin, Hamma, dattijo ne mai kirki, ya shimfiɗa masa buzu, ya kawo fura.

"Malam, a rufa mini asiri. A bari sai kaka."

Malam Bunu ya ji irin nauyin nan a harshensa. Duk da haka ya durƙusa, ya ce, "Baba, ka yi mini gafara. Yau za a rufe ta."

Aka rufe. Mata suka koma ɗebo ruwa mai nisa, suna zaginsa. Ranar da zai tafi har jifan babur ɗinsa aka yi.

A daminar nan cutar ta ratsa ƙauyukan da ke kewaye. A garin Hamma ko kabari ɗaya ba a haƙa saboda ita ba.

Da kaka ta yi, Hamma ya zo har Kazaure don godiya. Malam Bunu ya saurare shi har ya gama, sannan ya rufe fuska da hannun riga ya fashe da kuka. Dagacin ya ruɗe.

"Malam, ai alheri ka yi mana."

"Ku gode wa Allah, Baba," in ji shi. "Ni da rayukan mutane na koyi buɗe bakina."

Darasi: Kunya ado ce, amma kunyar da ta hana ka faɗin gaskiya a kan amanar da aka ba ka, ba ladabi ba ce, cuta ce. Wanda kake jin nauyinsa shi ya fi cancanta ka gaya masa gaskiya tun kafin ta zama makoki. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da amanar jama'a. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan lokaci.