Turmin Kirya da Gizo Ya Sassaƙa wa Ƙoƙi

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe suke.

Ƙoƙi matar Gizo tana da wani turmin kirya da ta gada wurin uwarta. In ta kama daka da hantsi, tana cilla taɓarya sama tana tafi, duk unguwa an san ita ce: dum, tas, dum-dum, tas! Gizo kuwa yana kwance gindin katanga yana kaɗa ƙafa, ko sannu bai taɓa ce mata ba.

Ran nan Ƙoƙi ta tafi rafi, Gizo ya sato gyaɗar da ta ajiye don shuka. Don kada ta ga alama a murhu, sai ya kwashi garwashi ya zuba cikin turmin, ya gasa abarsa a ciki. Kafin ya gama ɓara, gindin turmi ya huje.

Ƙoƙi ta dawo ta leƙa turmi, ta hango ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure kayanta, ta ɗauki taɓaryarta.

Gizo, kun san shi da tsamin baki, ya ce, "Ƙoƙi, yi haƙuyi, ɓeya ne ya huda shi!"

Ta ce, "Ɓeran da bakinsa ke ƙanshin gyaɗa? Maigida, na tafi gidanmu ƙetaren rafi. Ranar da ka sassaƙa mini turmin kirya marar tsaga ko ɗaya, ka zo biko."

Da farko Gizo cewa ya yi ya huta da surutu. Amma gida ya yi tsit. Hantsi ya yi, babu daka. Can sai iska ta kwaso wani sauti daga ƙetare, siriri, da ƙyar ake jinsa: dum, tas, dum-dum, tas. Ƙoƙi ce ke daka a turmin aro. Gizo ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya miƙe.

Ya ɗauki gatari ya shiga daji, ya kayar da kirya, ya yanko gungume mai kauri, ya mirgino shi gida. Ɗanye ne sharaf. Ya ce, "Yana ce maganinka," wato rana. Ya ajiye shi tsakar gida inda rana ta fi zafi. Ba a daɗe ba sai ya ji ƙas! Bakin nan ya dare. Ƙas! Wancan ma ya dare, har kana iya zura hannu.

Gizo ya zauna yana kuka. Sai Gara ta leƙo daga ƙasa, bakinta cunkushe da itace, ta ce, "Mn, Gizo, wannan na ba da ni ne?"

"Ɗauki, ki gaya mini abin da na yi wa itacen nan ya tsane ni."

Gara ta haɗiye ta ce, "Ni a cikin itace na girma. Ruwansa ta baki biyun nan yake fita da gudu. Baki ya bushe ya tsuke, ciki yana nan a jiƙe bai tsuke ba, to dole ya yage. Kai shi inuwa, ka ɗora a kan duwatsu iska ta bi ta ƙasa. Ka narka kakin zuma ka shafe bakin biyu tun ranar da ka sare shi, ruwan ya riƙa fita ta jiki a hankali. Kuma ka yanko shi ya fi turmin tsawo. Duwatsun nan ma, don Allah kada ka ce ni na faɗa, dangina za su yi fushi."

Gizo ya sake shiga daji, ya sake yanko gungume, ya kai rumfa, ya ɗora a kan duwatsu. Ya garzaya wurin Zuma.

"Yanki ya daɗe, a taimaka mini da kaki, matata ta yi yaji."

Zuma ta ce, "Zzz, kai ne mai gasa gyaɗa a turmi? Ungo saƙa. Ka matse, ka narka kakin. Ban da lasa."

A hanya Gizo ya ce bari ya ɗanɗana ko ta gaske ce. Ya lasa. Ya ce bari ya ji ɗaya gefen. Ya gatsa. Kafin ya kai ƙofar gida, ya cinye saƙar har kakin. Ya goga yatsunsa masu danƙo a bakin gungumen ya ce, "Ai duk ɗaya ne." Tururuwa suka zo suka lashe tas. Kwana kaɗan, ko a inuwar ma, ƙas! Ƙas!

Ran nan iska ba ta kawo komai daga ƙetare ba. Gizo ya hau katanga ya kasa kunne har rana ta take. Shiru. Ya sauko ya shiga ɗakin Ƙoƙi, ya tarar da faifanta rataye inda ta bar shi. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya koma daji karo na uku. Ya yanko gungume dogo, ya fi na baya duka. Ya koma wurin Zuma, kansa a ƙasa.

Zuma ta ce, "Zzz, ina kakin?"

"Yana cikina."

Ta yi dariya har ta kusa faɗowa daga amya. Ta sake ba shi. Gizo ya ɗaure bakinsa da igiya tun daga nan har gida. Ya narka kaki a kasko, ya shafe bakin nan, ya shafe wancan, ya ƙara shafawa har ba a ganin itace.

Sai jira. Damina ta zo, rafi ya cika, ƙarar ruwa ta danne dakan Ƙoƙi. Kaka ta zo, kowane gida ana dakan sabon gero, gidan Gizo shiru. Kullum sai ya ƙwanƙwasa gungumen, ya ji shi dim, da nauyi. Ya zauna kusa da shi yana buga masa da ƙafa: dum, tas, dum-dum, tas. Wata rana kewa ta ishe shi, ga ƙanshin kaki a hanci, sai ya kankare ɗan gefe wai ya duba ko an bushe, ya jefa abin da ya kankaro a baki. Da ya tuna, ya mayar da wani kakin, amma wurin ya riga ya sha iska, 'yar tsaga ta shiga.

Da rani ya yi nisa, ya ƙwanƙwasa, gungume ya amsa ƙwal. Ya bushe. Bakin da bai taɓa ba lafiya lau. Wanda ya kankare kuwa, sai da ya yi ta datsewa, yana datsewa, kafin ya wuce tsagar. Ya sa gizago ya fafe abin da ya rage, ya ɗora a ka, ya ƙetare rafi.

Ƙoƙi ta juya turmi, ta duba gindi, ta duba baki, ta zuba ruwa ta jira. Ko ɗigo.

Ta ce, "Maigida, tsaga kam babu. Amma wannan turmi ne ko akushi? Ina sauran tsawonsa?"

"Ɓeya ne..."

"Ɓeran da bakinsa ke ƙanshin kaki?"

Gizo ya goge baki. Ƙoƙi ta dube shi, ta ga yadda ya rame, duk ƙafafu ya zama. Ta ɗauki taɓaryarta ta ce, "Wuce mu tafi."

Da hantsi unguwa ta ji dum, tas, dum-dum, tas! Gizo yana gindin katanga, wannan karon ya ce, "Shannu, Ƙoƙi." Turmin gajere ne, sai ta duƙa take daka. Shi ya sa har yau in kun ga ƙwaron nan ƙoƙi a kan kara, za ku gan ta a ranƙwafe, hannayenta a ɗage kamar mai riƙe da taɓarya.

To kun ji. Abin da kuke so ya daɗe, kada ku gaggauta shi da zafi. Ku tsare bakinsa, ku tsare naku, ku jira. Ɗan lasa guda ya rage wa Gizo rabin turmi, saura ƙiris ya rage masa mata.

Ƙungurus kan kusu, wanda ya lashi kaki a cikinku ya goge bakinsa.